Tuffar da ta haura shekara 200: me za mu kira irinta da Hausa?

Jama'a, ina neman Hausar kalmar "heirloom", yadda Turawa ke kiran tsohon nau'in 'ya'yan itace da aka riƙe tun zamanin kakanni ba a canza shi ba. Abin da ya jawo tambayar tuffar Bramley ce ta Ingila.

A 1809 wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ta shuka ƙwayar tuffa a gidansu a garin Southwell. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan. Bayan shekara goma wani matashi mai renon itatuwa, Henry Merryweather, ya roƙi rassan bishiyar, mahaucin ya ce ya yarda amma a sa mata sunansa. Yarinya ta shuka, mahauci ya kwashe suna!

Tuffar ƙatuwa ce, koriya, mai ɗan faɗi, ga tsami kamar ɗanyen mangwaro. Ta girki ce. Da ta ji wuta sai ta narke ta yi lugub.

Wani ya ce a kira ta "tsohon iri". Ban ƙi ba, sai dai manomi in ya ji iri, abin shukawa yake ji, ita kuwa tuffa ba ta bin ƙwayarta. Ka shuka ƙwayar Bramley, wata tuffar daban za ta fito maka. Aure ake mata, kamar yadda muke wa mangwaro: a yanko reshe a ɗaura a jikin wata. Duk Bramley ɗin da ke kasuwa yau daga bishiyar nan ɗaya ta samo asali.

Wata ta kawo "tuffar gargajiya". Wannan ya yi faɗi, har ta daji ma sai ta shige ciki. "Tuffar kaka" kuwa, a rubuce za a zaci ta lokacin girbi ce. "Tuffar gado" na so, amma wani ya riga ya tambaye ni ko a kan katifa ake cin ta.

Ni dai na tsaya kan "'yar gado". Muna cewa maƙeri ɗan gado, wanzami ɗan gado, ba mai tunanin wurin kwanciya. Tuffa 'yar gado, tumatir ɗan gado, wake ɗan gado. Manoma, ya ta sauka a kunnenku?