Injin li'irabi ya ƙi jimla: bin sawun sanarwa kaɗai ya isa?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da na tsaya a kai, mai ja ya ja. Duk wanda ya gina injin li'irabi, wato manhajar da ke feɗe jimlar kod bisa ƙa'idoji, daga rubutaccen nahawu, idan injin ya ƙi karɓar jimlar da ya kamata ya karɓa, ba ya buƙatar komai sai ya kunna sanarwa ya bi sawu. Injin da bakinsa zai riƙa gaya maka: na shiga ƙa'ida kaza a layi kaza, ta dace, ko ta faɗi. A PEG.js, ɗaya daga cikin janaretocin da ke haɗa irin wannan injin daga nahawu, sanarwar uku ce, `rule.enter` da `rule.match` da `rule.fail`, kana haɗa injin da `--trace` shi ke nan. A ANTLR 4 kuwa, wani janaretan, `setTrace(true)` ne. Buɗe dibaga, manhajar bin kod layi-layi don gano kuskure, a kan kod ɗin da janareta ya fitar ɓata lokaci ne, domin ba kai ka rubuta shi ba. Kai nahawu ka rubuta, ita kuma sanarwa da sunayen ƙa'idojinka take magana.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura, batun dibaga ina tare da kai. Wanda ya taɓa leƙa cikin `yyparse`, injin da janaretan Bison ke fitarwa, ya san ba abin da zai gani sai zagaye ɗaya yana ta karanta teburan lambobi. Inda na rabu da kai shi ne cewar ba a buƙatar komai.

Sa `%define parse.trace` a nahawunka, ka mayar da `yydebug` 1, ka ga abin da zai fito: `Entering state 14`, `Shifting token`, `Reducing stack by rule 7`. Mene ne matsayi na 14? Sawun ba zai gaya maka ba. Sai ka sake haɗa injin da `-v`, ka buɗe fayil ɗin `.output`, sannan ka ga waɗanne ƙa'idoji ne ke rataye a wannan matsayin. Kuma irin wannan injin daga ƙasa yake ginowa zuwa sama, don haka ba shi da sanarwar shiga ƙa'ida kwata-kwata. Bai san wace ƙa'ida yake ciki ba sai ya tattara gaɓoɓinta duka.

Babbar matsalar ma ita ce wannan. Ɗauki tsohon rikicin nan na `if` biyu da `else` ɗaya: wane `if` ne ke da `else` ɗin? Tun lokacin haɗa injin Bison ya ga hanya biyu, ya yi gargaɗi, ya zaɓi ɗaukar `else` ya liƙa wa `if` na kusa. Lokacin gudu sawun zai nuna ya ɗauki `else` salin-alin, babu ko alamar cewa akwai wata hanya da aka rufe. An yanke hukuncin tun kafin sanarwa ta farko ta fito. Shi ya sa a Bison 3.7, a 2020, aka ƙaro `-Wcounterexamples`, wanda ke fito maka da misalin jimlar da ke jawo rikicin.

Nura: Malam, Allah ya ƙara sani, amma wannan gidan LALR ne, masu ginowa daga ƙasa, tsarin da Yacc ya zo da shi tun shekarun 1970. Ni ina magana ne a kan masu gangarowa daga sama. Bari in kawo misali. Ka rubuta `op = "<" / "<="`, ka ba injin `a <= b`. Saƙon kuskure zai ce ya ci karo da `=` inda yake jiran suna ko lamba, sai mutum ya tafi yana tono ƙa'idar suna, alhali lafiyarta lau. A sawu kuwa za ka ga `op` ta dace, amma harafi ɗaya kawai ta cinye. Nan take ka gane: a PEG, salon nahawun da PEG.js ke bi, zaɓin farko da ya dace shi ke ci, `<` ya tare wa `<=` hanya, na biyun ba zai taɓa samun damar dacewa ba. Juya su, magana ta ƙare. Wane kayan aiki ne zai nuna maka wannan da sauri haka?

Zainab: Yaya Nura, misalinka kalma uku ne. Ba injin fayil na gaske ka gani. A PEG faɗuwar ƙa'ida ba laifi ba ce, haka injin yake tafiya: ya gwada, ya faɗi, ya ja da baya, ya gwada na gaba. Jimlar da ba ta da aibu ko ɗaya ma sai ta cika allo da `rule.fail`. To a cikin dubban faɗuwa wacce ce taka? Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Kuma lissafa wannan. `expr = term "+" expr / term "-" expr / term`, sannan `term` na iya zama `expr` a cikin baka. In ba a kunna ajiyar sakamako ba, duk `term` da ba `+` ko `-` a bayanta sau uku za a feɗe ta. Lamba ɗaya a cikin baka goma, wata cikin wata, ya zama uku sau uku har hawa goma sha ɗaya (bakan goma da lambar kanta), wato 177,147, kuma kowane zagaye da nasa sanarwowin. Wa zai karanta wannan?

Nura: Ai kin kawo mini hujja ne, ƙanwata. Ba ido zai karanta ba. Amfanin sanarwa shi ne kana iya ɗora mata mai sauraro naka. Rubuta ɗan kod da zai ƙirga sau nawa aka shiga kowace ƙa'ida a kowane wuri. Da zarar ka ga `term` ta shiga wuri ɗaya sau dubbai, ka kama abin da ke sa injin jan ƙafa. Daga nan ko ka kunna `--cache`, wato ajiyar sakamakon nan, dabarar da Bryan Ford ya bayyana a 2002, ko ka sake ƙa'idar yadda `term` za ta zo sau ɗaya a gaba. Ba tare da sanarwa ba, abin da za ka sani kawai shi ne manhaja ta yi nauyi.

Zainab: To ai maganar ta sauya. Da farko cewa ka yi a kunna a bi sawu. Yanzu kuma sai an zauna an rubuta matata, kuma ba mai rubuta matata sai wanda ya riga ya yi zargin inda cutar take. Ni ma haka nake yi: ina riƙe wuri mafi nisa da injin ya kai kafin ya faɗi, in zubar da sauran, in buga ƙa'idojin da ke buɗe a daidai wannan wurin. Yana aiki ƙwarai. Amma kafin nan sai na rage fayil ɗin, in yanke rabi in gwada, in sake yankewa, har ya koma layi biyu ko uku da ke nuna matsalar. Sau da yawa kafin in gama yankan na riga na gano laifin, sawun tabbatarwa kawai yake yi.

Anti Rabi: Ku bar ni in shigo ta ɓangaren ANTLR, tunda Nura ya ambace shi. Akwai abu biyu da `setTrace` ba zai nuna ba, kuma su suka fi wahalar da masu koyo.

Na farko, yankan kalmomi. Kafin injin li'irabi ya ga komai, akwai mai yanka rubutu kalma-kalma. Dokarsa ita ce mafi tsawo ya ci, in tsawo ya zo ɗaya kuma, ƙa'idar da aka fara rubutawa ta ci. Idan ka sa ƙa'idar `ID` sama da ta `WHILE`, to `while` za ta fito a matsayin suna kamar kowane suna. Sawun zai rubuta `enter stat, LT(1)=while`. Rubutun kalmar yake bugawa a wannan layin, ba jinsinta ba. Kai kana ganin `while` ɓaro-ɓaro, injin kuma suna yake gani, sai ka rasa dalilin da ya ƙi bin hanyar da ka shimfiɗa. `grun`, kayan gwajin ANTLR, da `-tokens` zai warware wannan cikin daƙiƙa.

Na biyu ya fi zurfi. ANTLR 4 ba ya gwada hanya ya faɗi ya dawo a gabanka kamar PEG. Idan ya iso mararraba, `adaptivePredict` ne ke leƙa kalmomin gaba can a ciki, ya yanke hukunci, sannan injin ya shiga hanyar da aka zaɓa. Wannan leƙen ba ya fitar da sanarwar shiga ko fita. Za ka ga inda ya bi, dalilin bin kuwa babu. In nahawunka na da harshen damo, zai ɗauki zaɓi mai ƙaramar lamba ya wuce shiru. Sai ka ɗora `DiagnosticErrorListener` kafin ka ji `reportAmbiguity`.

Nura: Anti, shi ma `reportAmbiguity` ɗin ai sanarwa ce. Mai sauraro ne aka ɗora.

Anti Rabi: Sanarwa ce, amma ta wata ƙofa dabam, kuma sai ka san da ita za ka nema. Sannan ka karanta bayanin da ke kan `addParseListener` da kyau. Sun yi gargaɗi cewa sanarwar da ke fitowa lokacin li'irabi na iya saɓa wa wadda za ka samu in ka zagaya bishiyar li'irabi, wato tsarin jimlar da injin ya gina, bayan an gama: jerin na iya sauyawa, wata sanarwar shiga ma ba za ta zo ba. Dalili kuwa, ƙa'ida irin `expr : expr '+' expr` mai kiran kanta ta hagu, ANTLR sake mata fasali yake yi kafin ya fitar da kod. Don haka cewar sawu da yaren nahawunka yake magana gaskiya ce, amma nahawun da aka riga aka taɓa.

Sadiƙ: Malamaina, ni ɗalibi ne a nan, ina da tambaya. Ina tara sunayen da aka ayyana a cikin tebur duk lokacin da na ji `rule.match` na ƙa'idar ayyanawa. Sai nake ganin wasu sunaye sau biyu, wasu kuma ba ayyanawa ba ce sam. Injin ne ke da matsala?

Malam Habu: Injin lafiyarsa ƙalau, Sadiƙ, kuma tambayarka ta taɓo zuciyar muhawarar. A 1980 Lawrence Byrd ya tsara yadda ake bin sawun yaren kwamfuta na Prolog da ƙofofi huɗu: `call`, `exit`, `redo`, `fail`. Ta ukun ita ke gaya maka cewa abin da ya fita da nasara ɗazu an dawo masa, a nemi wata amsar. PEG ba ta da wannan ƙofar, domin ƙa'idar da ta dace ba a komawa a nemi wata dacewar daga gare ta. Amma uwarta, wato ƙa'idar da ta kira ta, tana iya faɗuwa daga baya, sai a watsar da duk abin da 'ya'yan suka samo. Ba wanda zai aiko maka sanarwar cewa an soke waccan nasarar. Faɗuwar uwar kawai za ka ji, kai ne za ka haɗa lissafin.

Saboda haka `rule.match` ba ya nufin abin zai shiga bishiyar li'irabi ta ƙarshe. Kada ka gina tebur a kansa. Bari a gama, ka zagaya bishiyar, ka tara sunayenka a can. Mai sauraron sawu kuma kada ya taɓa komai, ya kalla kawai ya rubuta.

Sadiƙ: Na gode Malam. Zan mayar da shi bayan an gama.

Nura: Duk na ji. A ANTLR a fara da jerin kalmomi, a Bison a fara da gargaɗin lokacin haɗawa. Amma a PEG, inda galibi ba a raba yankan kalma da li'irabi, kuma ba a yanke wani hukunci a ɓoye, ina nan kan bakana. Ba banza ba ne masu Raku suke da `Grammar::Tracer`, pyparsing yake da `set_debug`. Python ma da ya koma PEG a 3.9, a 2020, an bar `-d` yana buga sawun injin ga wanda ya haɗa shi don gyara.

Malam Habu: To ga wanda ba a ƙi jimlar ba. Ɗauki nahawun Zainab ka ba shi `8 - 3 - 2`. Zai karɓa, babu saƙon kuskure. Amma tunda `expr` ta dama take kiran kanta, zai fara cire 2 daga 3, sannan ya cire 1 daga 8, ya ba ka 7. Amsar gaskiya 3 ce.

Nura: Sawun zai nuna shi, Malam. Za a ga `expr` ta ciki ta dace a kan `3 - 2` kafin ta waje ta rufe.

Zainab: Zai nuna wa wanda ya kunna shi, Yaya. Me zai sa ka kunna, alhali ba abin da ya yi ƙara? Sai in kana da gwajin da aka rubuta `8 - 3 - 2` a gefe ɗaya, 3 a ɗaya gefen, ya faɗi ya tashe ka. Kuma in ya faɗi, ni bishiyar zan fara bugawa: reshe biyu ne, kallo ɗaya zan ga ta karkata dama.