Shawarwari a Zaure: Yanka Igiyar Jirgin Iska da Rufe Bakinta

Sabon Matuƙi:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan abin da ya dame ni tun da na fara sauya igiyoyin ƙaramin jirgina mai tafiya da iska. Igiyar foliyesta ce mai kaurin milimita 10, irin wadda ke da saƙaƙƙiyar riga a waje da wata saƙar a ciki. Na yanka ta da wuƙar aljihu, na ƙona bakin da laita kamar yadda na ga ana yi, amma bayan na fita ruwa sau uku sai dunƙulen da ya narke ya tsage, rigar ta fara tsefewa, saƙar ciki kuma ta shige can har ba na ganinta. Shin kayan aikin ne ba su dace ba, ko kuwa akwai hanyar da ban sani ba?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Laita tana ƙona saman igiya ne kawai, zafinta ba ya ratsa ciki daidai, shi ya sa rigar ta narke ita kaɗai ba ta kama saƙar ciki ba. Abin da ya fi dacewa shi ne wuƙar zafi ta lantarki, wadda ke yanka igiya tana narkar da bakinta a lokaci guda. Idan ba ka da ita, ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narkar da dalma da shi yana yin aikin, matuƙar an sa masa kai mai faɗi kamar bakin wuƙa. Ka fara naɗe wurin da za ka yanka da salatif sosai, sannan ka yanka ta tsakiyar salatif ɗin a kan gilashi ko tayil, domin katako yana ƙonewa, ƙarfe kuma yana shanye zafin wuƙar. Kada ka danna da ƙarfi. Ka bar zafin ya ratsa da kansa, sannan ka zagaya gefen bakin da ruwan wuƙar a karkace domin ya ɗan tsuke, kada ya buɗe kamar laima.

Yana da kyau kuma mutum ya san abin da yake yankawa, domin kowane zare da iyakar zafinsa. Foliyesta tana narkewa a wajen digiri 250 zuwa 260 na ma'aunin Salshiyas, nailan kuma tsakanin 220 da 260 gwargwadon irinsa. Foliforofilin, wato igiyar nan marar nauyi da ke yawo a saman ruwa, ba ta wuce kimanin digiri 165 ba, don haka wuƙar da ta yi ja sosai tana zubar da ita kamar kyandir.

Mai Ɗinkin Ƙyallen Jirgi:
Injiniya, bayaninka ya yi daidai, sai dai ina so in ƙara da cewa narkarwa ita kaɗai ba ta taɓa isar igiyar da ke aiki kullum ba. Bakin da aka narkar roba ce busasshiya, kuma igiyar da ke jan ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi tana dukan daɓen jirgin da sandar da ke riƙe ƙyallen duk lokacin da iska ta kaɗa, ana taka ta, rana tana gasa ta. Ko ba jima ko ba daɗe sai ya tsage. Idan ya tsage kuma yakan bar kaifi mai yankan tafin hannu, har ma ya karce ƙyallen da aka sha wahalar ɗinkawa. Na gyara ƙyallaye da dama waɗanda ba abin da ya huda su sai irin wannan baki.

Ƙanena, abin da zan ba ka shawara a kai shi ne naɗin baki da zare da basilla. Ka nemi zaren foliyesta mai kaki, da basillar ɗinkin ƙyalle mai baki uku, da fatar nan da ake sawa a tafin hannu don tura ta. Ka soka basillar ta ratsa tsakiyar igiyar sau biyu domin zaren ya kafu, sannan ka naɗe shi zagaye bayan zagaye, kowanne manne da ɗan'uwansa, kana ja da ƙarfi kamar mai ɗaurin kan ganga. Tsawon naɗin ya kai kaurin igiyar ko ya ɗara kaɗan, wato a igiyarka milimita 10 zuwa 15 sun wadatar. Wanda ya fi haka tsawo yakan saki idan igiya ta lanƙwasa. Bayan haka sai ka sake soka basillar, ka haye naɗin a tsaye daga ƙasa zuwa sama a wurare uku ko huɗu, kowane hayi yana ratsa riga da saƙar ciki, ka ɓoye ƙarshen zaren a cikin igiyar. Wannan ratsawar ce maganin matsalarka, domin ita ke ɗinke riga da ciki su zama abu ɗaya. Ni nakan bar kimanin milimita 5 bayan naɗin, in yanka da wuƙar zafi, don haka ina amfani da hanyoyin biyu tare.

Mai Tseren Jirage:
Malam Mai Ɗinki, babu mai jayayya da ingancin naɗin zare, amma wanda ke da igiyoyi goma sha biyar da zai gyara a yini ɗaya yana buƙatar abin da ya fi sauri. Ni ina amfani da bututun roba mai tsukewa da zafi, irin wanda ake rufe haɗin wayar lantarki da shi, musamman mai gam a ciki wanda ke raguwa zuwa kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. Ana zura shi a bakin igiya, a hura masa iska mai zafi, sai ya kama gam. Wani amfaninsa shi ne launi: ja ga wannan igiya, shuɗi ga waccan, kowa ya gane tasa cikin gaggawa.

Mai Ɗinkin Ƙyallen Jirgi:
Na yarda da kai a kan igiyar da ba ta bi ta cikin komai. Amma wadda za a riƙa zarewa ta cikin gargare, wato 'yar tayar da igiya ke bi ta kanta, ko maƙallin da ke danne igiya, bututun yana ƙara mata kauri, yana sarƙewa, wata rana kuma ya zame gaba ɗaya. Haka ma ruwan robar da ake tsoma bakin igiya a ciki: yana da sauƙi, sai dai yana ɓarewa.

Dattijon Zaure:
'Ya'yana, duk kun yi magana mai amfani, amma akwai igiyoyin da wuƙar zafi ba ta da tasiri a kansu, kuma ya kamata wanda ya yi tambaya ya sani tun kafin ya saye su. Zaren aramid, wanda aka fi sani da sunayen Kevlar da Technora, ba ya narkewa ko kaɗan. Idan zafi ya kai wajen digiri 500 sai ya babbake ya zama gawayi. Wanda ya sa masa wuta zai ga baki ya yi baƙi ya zaci ya rufu, alhali da ya murza da yatsa zai ga ya wargaje. Irin wannan igiya babu abin da ke riƙe bakinta sai salatif kafin yanka, da naɗin zare bayansa.

Dyneema kuwa, da takwararta Spectra, waɗanda zarurrukan roba ne masu ƙarfi ƙwarai, matsalarsu daban ce. Suna narkewa da wuri, a wajen digiri 145 zuwa 150, amma zarensu yana da santsi ƙwarai, kuma yana dakushe wuƙar ƙarfe cikin ɗan lokaci. Almakashi na gida ba ya yanka su, sai dai ya tauna. Ni da wuƙa mai ruwan tangaran nake yanka su, ko almakashi mai ƙananan haƙora da aka ƙera domin irin wannan zare, kuma koyaushe a kan katako, igiyar tana miƙe. Idan igiya ce mai cikin Dyneema da rigar foliyesta, kada a dogara da narkarwa sam, domin zarurrukan biyu ba sa haɗuwa da juna sosai idan sun narke, ga shi kuma na cikin ya riga ya ja da baya kafin rigar ta fara laushi. A nan ɗinkin da Malam Mai Ɗinki ya bayyana wajibi ne. Wanda kuma zai yi wa igiyar ido, wato madauki a ƙarshenta, ta hanyar cusa jelarta cikin jikinta, kada ya narkar da bakin jelar, domin dunƙule mai tauri a cikin saƙa yana cin zaren da ke kewaye da shi. Sirantar da jelar ake yi da wuƙa, zare bayan zare.

Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Zan ƙara gargaɗi ɗaya: narkakken nailan yana manne wa fata yana ci gaba da ƙuna, don haka kada kowa ya gyara baki da yatsa yana da zafi, ko da ya jiƙa yatsan. A yi amfani da gefen wuƙar ko guntun katako. Hayaƙin ma ba abin shaƙa ba ne, a yi aikin a sarari, nesa da tankin mai da tukunyar gas.

Sabon Matuƙi:
Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam da Injiniya. Saura tambaya ɗaya: ita igiyar da cikinta ya riga ya shige, sai in yar da ita ke nan? Kuma idan ina tsakiyar ruwa babu lantarki, me zan yi?

Dattijon Zaure:
A'a, ɗana, ba ta lalace ba. Ka ɗaure ta a wani abu mai ƙarfi kimanin mita biyu daga bakin, ka shafo rigar da hannu daga wurin ɗaurin zuwa ƙarshe sau da yawa domin riga da ciki su daidaita, sannan ka laluba da yatsa inda saƙar ciki ta tsaya. Ka naɗe salatif kaɗan a bayan wurin, ka yanka a nan, ka ɗinke. A kan ruwa kuwa, akwai wuƙar zafi mai aiki da gas ko batir, amma ni abin da nake ajiyewa a cikin ƙaramar jaka shi ne wuƙa mai kaifi, da salatif, da zare mai kaki, da basilla biyu saboda ɗaya takan faɗa ruwa. Ka rufe bakin da salatif har iska ta lafa, sannan ka zauna ka yi naɗin a natse.