Tafiyar jirgin ruwa ta mata da miji, yara suna gida: me ake shiryawa?

Maman Sadik, Agege

Assalamu alaikum. Ni da maigidan muna shirin tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwan yawon buɗe ido, mu biyu kawai. Yaranmu, ɗan shekara biyar da 'yar shekara biyu wadda aka yaye, za su zauna nan Legas. Don Allah waɗanda suka taɓa yi su taimaka mana da bayani, tun daga takardu har yadda ake barin gida.

Baban Ilham, Festac

Wa alaikumus salam, Maman Sadik. Babu irin wannan jirgi da ke tashi daga Legas a kai a kai, sai kun hau jirgin sama zuwa inda yake lodi. Mutanenmu sun fi bin hanya uku. Akwai Bahar Rum, inda jirgi kan tashi daga Baselona ya taɓa Marsey da Jenowa da Civitavecchia (tashar da ake sauka a je birnin Rum) da Malta ya dawo, an fi yin sa daga Afrilu zuwa Oktoba. Akwai na Durban a Afirka ta Kudu mai leƙa gaɓar Mozambik, wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Sai na Dubai da Abu Dabi da Doha a lokacin sanyi.

Inda aka fi samun matsala shi ne biza. Na Bahar Rum bizar Shengen ake nema, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum yawancin ƙasashen Turai, kuɗinta Yuro 90 ga babba ban da kuɗin ofishin karɓar takardu, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida. A ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta ake nema, in duk ɗaya ne kuma sai ƙasar da za ku fara shiga. Ku duba jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai Tunisiya ko Turkiyya a tsakiya, jirgin ya fita daga Shengen ke nan zai sake shiga, biza mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba. A bakin jirgi ake duba wannan, wanda takardarsa ba ta cika ba ba ya hawa, kuɗin tikiti kuma ba sa mayarwa. Cewa "ai ba zan sauka a can ba" ba ta fisshe ku. Ku sa kamfanin ya aiko muku a rubuce wace biza mai fasfon Najeriya yake bukata a kowace tasha.

Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Katin rigakafin shawara kuma, Afirka ta Kudu suna tambayarsa, sai kwana 10 bayan allurar yake fara aiki.

Na ƙarshe, ku sauka garin da jirgin yake kwana ɗaya kafin ranar tashi. Daga Ikeja zuwa Baselona sai an canja jirgi a Kasabulanka ko Istanbul ko Paris, jinkirin awa uku a nan ya isa ya sa ku tarar jirgin ruwan ya tafi.

Anti Nas, Idi-Araba

'Yar'uwa, ni maganar gida zan yi, don ita ce ta fi nauyi. Tafiyar jirgin ruwa ta bambanta da zuwa Abuja. Akwai ranar da jirgi ke wuni a tsakiyar teku bai tsaya ko'ina ba, in wani abu ya taso sai kun jira tasha ta gaba, sannan ku nemi jirgin sama. Daga jin labari zuwa isowa Agege ana iya cin kwana biyu. Saboda haka a shirya gidan yadda za a yanke kowace shawara ba tare da an same ku a waya ba.

A bar babban mutum ɗaya mai faɗa a ji, kaka ko gwaggo ko inna, wanda yaran suka saba da shi. 'Yar aiki taimako take yi, ba a ɗora mata yara biyu dare da rana ita kaɗai. In da hali mai riƙon ya zo gidanku maimakon a kwashe yaran a kai su wani gida, ɗan shekara biyu ya fi jure rashin uwa a kan gadonsa da kofinsa da ya sani. Ya tare kwana uku ko huɗu kafin tafiyar, ya riƙa yin wanka da ba da abinci da kwantarwa kina gani.

Ki rubuta takarda ɗaya ga kowane yaro, ki manna a jikin firji: cikakken suna, ranar haihuwa, nauyinsa a kilo na wannan watan, rukunin jini da jinotaif, abin da jikinsa ba ya so, asibitin da kuke zuwa da lambar katinsa. Nauyin yana da muhimmanci don da shi ake auna maganin yara, ba da shekaru ba. Ki sa likita ko mai kemis ya rubuta adadin farasitamol na kowannensu a mililita, ki bar sirinjin awo, kar a yi amfani da cokalin shayi. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki da fakitin ORS da zinc. Ki faɗa wa kaka ƙarara: zafi ya kai 38, a kai yaro a yi gwajin maleriya a ranar, kar a jira ku kira, kar kuma a fara da jiƙo. Amai da ba ya tsayawa, numfashi da sauri, fizge-fizge ko yaro ya ƙi shan komai, asibiti kai tsaye ko da ƙarfe biyun dare ne. Lambar agajin gaggawa ta Legas 112 ko 767.

Sai wasiƙa mai sa hannunku ku biyu da ke ba mai riƙon izinin amincewa da magani ko tiyata, da kwafin katin shaidarku. A tanadi kuɗi a hannunsa ko a asusunsa, asibitocin kuɗi da yawa sai an ajiye wani abu suke ba da gado. A kuma san motar wa za a ɗauka da dare, a sanar da mai ita tun yanzu.

Ga masu karantawa da ke shayarwa: kar a yaye yaro rana ɗaya saboda tafiya. Nono zai cika ya yi tauri, yana iya zama ciwo da zazzaɓi, ga shi asibitin cikin jirgi kuɗi ne mai tsada a take. Masu cewa a tatsa a bari, nonon da aka tatsa kwana huɗu yake yi a firji mai wuta koyaushe, wanda ya narke daga firiza kuma ba a mayar da shi. Da irin wutarmu ba zan ba da wannan shawara ba sai gidan da ke da sola. Mai ciki kuma ta sani yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar wadda za ta shiga mako na 24 a lokacin tafiyar.

Alhaji na Apapa

Ƙari a kan na Anti. A loda wa mita kuɗin wuta na wata guda, a cika tukunyar gas, a sayi ruwan sha da man janareta. A nuna wa kaka inda janareta yake zama, a waje nesa da taga, don baƙo in ruwa ya sauko yakan jawo shi cikin baranda ko kicin, hayaƙinsa kuma kisa yake cikin barci. A kai mai ɗauko yaro makaranta a gabatar da shi ga malamai da kanku, makarantu da dama ba sa sakin yaro ga fuskar da ba su sani ba. In tafiyar ta faɗa Yuni ko Yuli, a yi shirin ranar da ruwa zai tare hanya.

Ummu Affan, Lekki

Maganar waya. Da jirgi ya bar gaɓa ku kashe layi, ku sa wayar a yanayin jirgin sama. In ba haka ba za ta kama hanyar sadarwar jirgin da kanta, wadda ta tauraron ɗan'adam ce, kuɗin da ke layin ya ƙone cikin mintuna. Intanet na jirgi saye ake yi, yawanci kowace waya da kuɗinta, kuma ya fi araha in an saya kafin ranar hawa. Ku karanta da kyau, akwai ƙaramin tsari da saƙo kawai yake turawa, ba ya ɗaukar kiran bidiyo. Waya ɗaya mai cikakken tsari ta ishe ku. Ku karɓi lambar gaggawa ta kamfanin da sunan jirgin da lambar ɗakinku ku bar wa gida, da ita za a neme ku in intanet ya yanke.

Lokaci: Sifaniya da Italiya suna gaban Legas da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, Afirka ta Kudu awa ɗaya duk shekara, Dubai awa uku.

Ni a ganina a kira yara da bidiyo kullum, safe da yamma, hankalin kowa ya kwanta.

Hajiya Kaka, Mile 12

Ummu Affan 'yata, a nan ban bi ki ba, kuma mu masu riƙon jikoki mu muke ganin abin da ke biyo bayan kiran. Ɗan shekara biyar yana gane cewa Mama tana cikin jirgi za ta dawo, kira yana yi masa daɗi. 'Yar shekara biyu kuwa ta ga fuskar uwa ta miƙa hannu ba a ɗauke ta ba, sai a katse, kukan awa guda ke nan. Kiran yamma ya fi muni, yaro ya gaji ga barci, ranar ba mai runtsawa. A kira sau ɗaya da safe bayan sun karya, minti biyar, uwa da fara'a, ban da hawaye. In aka ga ƙaramar tana rikicewa a bar bidiyon, a turo murya tana yi mata waƙar da ta saba, mu kuma mu riƙa turo muku hoto.

Ranar tafiya kar a sulale yara suna barci. Yaron da ya farka bai ga uwa ba yakan daina yarda da barci, ko bayan an dawo. A yi sallama a taƙaice a bakin ƙofa a tafi. Babban a zana masa kwanakin a takarda ya riƙa soke ɗaya kowace safiya, a haɗa da kwanakin jirgin sama, kar a ce masa bakwai alhali tara ne ko goma. Ƙaramar a bar mata ɗankwalin uwa wanda ba a wanke ba.

Malam Abu Maryam, Obalende

Sallah da abinci. Matafiya ne ku, kuna da ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha. Wannan yana sauƙaƙa ranakun fita gari. Kamfas ɗin waya yakan rikice a cikin jirgi saboda ƙarfe, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa, da ita za ku ƙiyasta alƙibla. Ana sallah a tsaye, manyan jiragen nan ba sa girgiza sosai, sai in teku ya tashi a zauna. Lokutan sallah suna sauyawa kullum da sauyin wuri, ku sauke jadawalin kowace tasha tun kuna gida. Ku tafi da ƙaramar buta, banɗakin ba shi da abin tsarki, kuma kar a jefa komai a masai sai takardar da suka ajiye, bututunsa na zuƙa ne, yana toshewa har ya shafi ɗakunan maƙwabta.

Nama kar ku ɗauka halal ne sai an tabbatar muku. A sanar da kamfani tun lokacin biyan kuɗi, in babu, kifi da ƙwai da kayan lambu da shinkafa da taliya suna nan da yawa. Ku riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko kayan zaƙi, girkin Italiya da Faransa yana yawan haɗawa da ita. Yaji na gida a ƙaramar roba yana gyara abincin sosai.

Maman Zara, Surulere

Ɗaki kala uku ne: na ciki marar taga, mai taga, da mai baranda. Na ciki ya fi araha amma duhu ne ɗungurungum, sai da ƙararrawar waya za ku tashi Asuba. Ga mai hijabi baranda ta cancanci kuɗinta, nan ne za ki sha iskar teku ba tare da kin shiga taron bakin wurin iyo ba. Mai saurin jiri ya zaɓi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, can motsi ya fi ƙanƙanta. Maganin jirin tafiya ana shan sa kafin jirgi ya tashi, in amai ya fara ba ya zama a ciki, kuma yana sa barci. Citta tana taimakawa.

Dutsen guga da butar lantarki da hita ƙwace su ake yi a wurin bincike saboda gobara. Akwatuna a tasha ake karɓa, sai yamma suke isowa ƙofar ɗaki, don haka magani da caja da darduma da kaya kala ɗaya su zauna a jakar hannu. Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto, dole kowa ya je wurin taruwarsa a duba katinsa.

Kuɗi: katin ɗaki shi ne makulli, shi ne kuma abin saye. Ana haɗa shi da katin banki su riƙe wani adadi, katin naira yakan ƙi, ku tafi da katin dala ko ku ajiye tsaba a teburin karɓar baƙi. Akwai kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, wajen dala 12 zuwa 20 gwargwadon kamfani, mutum biyu dare bakwai ku lissafa shi tun yanzu. Lemon kwalba da ruwan gora ma ba sa cikin tikiti.

Fita gari, a duba lokacin komawa da ke rubuce a bakin ƙofa, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki. Rangadin da kuka saya a hannun jirgi in ya makara ana jiransa, wanda kuka fita da kanku ba a jira. Malta da Jenowa da ƙafa ma za ku zaga. A zuwa birnin Rum ne ake makara, don Civitavecchia tana da nisan kusan kilomita 80 daga birnin, sama da awa guda a jirgin ƙasa, a nan gara ku biya rangadin jirgi.

Baban Ilham, Festac

Saura ranar sauka. Daren ƙarshe ake fitar da akwatuna ƙofar ɗaki, a bar kayan sawa na safe a ciki. Ku duba lissafin kuɗinku a daren, da safe layin teburin yana da tsawo. Kar ku yanki tikitin jirgin sama mai tashi kafin azahar, sauka rukuni-rukuni ake yi kuma yana iya kai ƙarfe goma. Inshorar da za ku saya ku tabbatar ta ambaci tafiyar jirgin ruwa, ta kuma ƙunshi katse tafiya saboda rashin lafiyar ɗa a gida, wadda ake saya don biza kawai sau da yawa ba ta da wannan. Ku roƙi kaka ta ƙara kwana biyu bayan ranar dawowarku ko da jirgi zai yi jinkiri.