Katabasis: "leƙa lahira" za mu ce, ko "gangara"?

1/ Kwana uku ke nan wata kalma ta hana ni sakat. Ina rubuta wa ɗalibaina bayani kan tatsuniyoyin Girkawan zamanin da, sai na ci karo da katabasis. Malamaina da 'yan uwa masu fassara, ku zo mu tsayar da magana.

2/ A Girkanci, kata na nufin ƙasa, basis kuma takawa. Ana faɗin ta ne idan jarumi, da ransa da lafiyarsa, ya shiga ƙasar Hedis, sarkin matattu a tatsuniyoyinsu, don wata buƙata, da niyyar dawowa.

3/ Ku dubi Orfiyus, shahararren makaɗi a tatsuniyoyin. Maciji ya sari matarsa Yuridisi ta mutu. Ya ɗauki garayarsa ya bi ta, ya yi ta kiɗa har zuciyar Hedis da sarauniya Persefoni ta yi sanyi. Suka ba shi ita bisa sharaɗi ɗaya: ya wuce gaba, tana biye, kada ya waiwaya sai sun fito. Yana ta hawa cikin duhu, kokwanto na cin sa ko tana nan. Saura ƙiris ya ga hasken rana, sai ya waiga. Nan take ta koma. Duk sanda na ba yara wannan labari, ajin yakan yi tsit.

4/ Jarumi Herakilis ma ya je, a na ƙarshe cikin ayyuka 12 da aka ɗora masa, ya fito da Kerberos, karen nan mai kai uku da ke gadin ƙofa.

5/ Wani abokin aikina ya ce a rubuta "tafiya lahira". Ban yarda ba. A bakinmu wanda ya tafi lahira ya tafi ke nan, sai addu'a. Kuma lahira kalma ce mai nauyi a imaninmu, da hisabinta da aljannarta da wutarta. Ba na son yaro ya ji ta a tatsuniyar masu gumaka ya ɗauka wuri ɗaya ake nufi. Barzahu ma haka, ba ta aro ba ce.

6/ "Leƙa lahira" ta fi jan hankalina, don akwai dawowa a cikinta. Sai dai muna faɗin ta ga wanda ciwo ko hatsari ya kusa kashewa. Shi bai shirya tafiya ba, kai shi aka yi. Orfiyus kuwa da ƙafarsa ya je, kuma bai tsaya a bakin ƙofa ba, har gaban sarki ya kai.

7/ Abin da na tsaya a kai: "gangara ƙasar matattu", a taƙaice "gangarar jarumi". Su Girkawa ƙasar Hedis wuri ce mai hanya: akwai kogo a tsinin Tainaron, can kudancin Girka, da suke cewa ƙofarta ce, akwai kogi, akwai Karon mai fito, wanda ake sa wa gawa tsabar kuɗi a baki don a biya shi. Har ila yau katabasis na nufin tafiya daga tudu zuwa bakin teku, kamar yadda muke cewa mun gangara rafi. Kishiyarta anabasis, haurawa. Wanda ya gangara, ana sa ran ya hauro.

8/ Wata 'yar uwa ta tambaye ni Odisiyus fa? A littafi na 11 na Odisiya, doguwar waƙar da mawaƙi Homa ya yi kan tafiyar jarumi Odisiyus zuwa gida, ya kai bakin iyakar duniya a jirgi, ya haƙa rami, ya yanka tumaki, matattu suka taso wurin jinin. Nan ya tambayi boka Tiresiyas hanyar gida, nan ya yi yunƙurin rungumar mahaifiyarsa sau uku tana sulluɓewa kamar inuwa. Wannan sashe nekyia ake ce masa, kuma ni "kiran matattu" zan rubuta, tunda su suka zo gare shi.

9/ Jimlar da za ta shiga takardar ɗalibai gobe: "Gangarar Orfiyus ta soyayya ce, ta Herakilis kuwa ta aikin dole." Malam, in akwai gyara, a yi mini kafin a buga.