Renon 'yan tsaki marayu a gidan da ke da yara

Maman Walida, Kasala:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kazarmu ta ƙyanƙyashe, mage ta kama ta cikin dare ta bar mana 'yan tsakin. Yara sun ce ba mai raba su da su. Babbar ta yi hankali, amma autana bai cika shekara uku ba, kuma duk abin da ya taɓa baki yake kaiwa. Ga Disamba ta shigo, dare ya fara sanyi, wutar lantarki ba ta zama. Don Allah wanda ya taɓa renon irin waɗannan da yara a gida ya faɗa mini yadda ya yi.

Inna Hajiya, Mai Wurno:
Wa alaikumus salam 'yata, sannu da hidima. Ki fara da ɗumi tukuna, abinci ya biyo baya. Mutane suna ganin ƙasarmu ta zafi ce, sai su manta ɗan tsako ya fito ne daga ƙarƙashin uwar da ta yi masa kwancin kwana 21, kuma ɗan gashin da ke jikinsa ba ya tare masa komai. Mu da ke bakin kogi mun san abin da sanyin asuba yake yi musu. Ni kwali mai zurfi nake samu, in shimfiɗa tsohon zane, in cika kwalba da ruwan zafi, in naɗe ta da tsumma in kwantar a kusurwa. Ana canja ruwan kafin a kwanta, a kuma canja da asuba. Jikokina na koya wa kallon su: in sun cunkushe wuri guda suna ta kuka, sanyi suke ji, in sun gudu gefe sun buɗe baki, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna tsince-tsince, to lafiya lau. Yaro ɗan shekara bakwai ma yana gane wannan, kuma har ya girma ba zai manta ba.

Abban Mus'ab, Gadarif:
Abin da Inna ta faɗa shi ne. Na yi aiki a gonar kaji a wajen Khartum kafin yaƙin Sudan, can da ma'auni muke yi: makon farko digiri 32 zuwa 35, sai a riƙa rage kamar uku duk mako, har su yi gashi sosai wajen mako na biyar ko shida. Abin da nake roƙo, Maman Walida, kada a sa kanun, wato murhun gawayi, a ɗaki a rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iska mai guba da ba a gani ba a jin warinta, tana kashe kaji, tana kashe yaran da ke kwance a ɗakin. Kada kuma a shimfiɗa musu jarida ko leda, santsi yana sa ƙafafunsu su bankaɗe gefe su kasa tsayuwa. Ruwa a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. In ba su ci sosai ba a kwana biyun farko kada hankalinki ya tashi, akwai sauran gwaiduwa a cikinsu da ke riƙe su. Bayan nan in ba ki samu abincin 'yan tsaki na kanti ba, ki ɓarza fatarita, wato dawar nan tamu ta Sudan, ta yi laushi, ki haɗa da ɗan tunkuzar gyaɗa marar gishiri da dafaffen ƙwai. Dawa zalla ba ta gina su.

Anti Nas, Fot Sudan:
Ni kan autan zan tsaya. Ɗan tsako mai ƙoshin lafiya yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsa da gashinsa, shi ba ta kwantar da shi, amma yaro ƙasa da shekara biyar tana sa masa zawo da zazzaɓi. A gidana ƙananan kallo kawai suke yi. Manya su taɓa, su wanke hannu da sabulu nan take. Kwalin kuma ba ya zuwa kusa da madafa ko randar ruwan sha.

Goggon Yara, Damazin:
Anti, wanke hannu na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma hana ƙaramin gaba ɗaya, a gidan da kowa ke taɓawa, shi ne zai sa ya faki ido ya damƙo ɗaya a wuya. Ni zaunar da nawa nake yi a tabarma, in riƙe ɗan tsakon da kaina, ya shafa bayansa da yatsa ɗaya, in kai shi ga buta da sabulu. Manyan ma doka uku ce: a zaune ake ɗauka, da hannu biyu, ba a bin su da gudu.

Anti Nas, Fot Sudan:
In kina tsaye a kansa haka, Goggo, ba ni da ta cewa.

Maman Usama, Gadarif:
Yaƙi ya sa mun baro garin Madani a Disambar 2023 da abin da hannu ya iya ɗauka. Makarantu a rufe, yara a ɗaki ɗaya a gidan dangi, ɗana babba ya daina magana sai an tambaye shi. Wata maƙwabciya, Allah Ya saka mata da alheri, ta ba shi 'yan tsaki kyauta. Ya samu tsohon littafi ya riƙa rubuta wanda ya ci, wanda ya yi laushi, ranar da fiffike ya fara fitowa. Da wannan littafin ya koma riƙe alƙalami. Ranar da ɗaya ya mutu ya yi kukan da bai yi ba a kan hanya, ban hana shi ba, ban kuma ce masa ai kaza ce kawai ba. Shi da ƙannensa suka haƙa rami a bayan gida. Shi ya sa nake ce miki, 'yar uwa, ki gaya wa naki tun yau cewa marayun tsaki ba duka ke tashi ba, ko da an yi komai daidai. In ba haka ba, wadda ke canja ruwan kwalba za ta ɗauka ita ce sila.

Inna Hajiya, Mai Wurno:
Allah Ya mayar da ku gidajenku lafiya, 'yata. Maman Walida, na manta: ki tambayi maƙwabta ko akwai kazar da ta ƙyanƙyashe a makon nan. A tura mata su ƙarƙashin fiffike cikin duhu, sau da yawa gari na wayewa ta karɓe su. A dai tsaya a duba da safe, wata tana saran baƙo.

Kawu Direba, Kasala:
Shirwa fa. Hantsi ya yi a fito da su su sha rana, amma a kife su da kwando mai ramuka ko raga. Yarana ke gadinsu, suna karɓa-karɓa a ƙarƙashin rumfa. A kuma duba duburarsu kullum, kashi yana bushewa ya toshe, a goge da tsumma da ruwan ɗumi a hankali.

Abban Mus'ab, Gadarif:
Saura rigakafin Niyukasil, cutar da ke share kajin unguwa a 'yan kwanaki, wuya ya murɗe, kashi ya koma kore. Ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi, kuma ɗigo ne a ido tun suna ƙanana, a maimaita yadda likitan dabbobi ya tsara. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, tana son sanyi, kuma da an haɗa ta da ruwa ba ta kwana. A layinmu gidaje ke haɗa kuɗi a sayo ta cikin ƙanƙara, a sa rana guda da sassafe. Yara ke riƙe 'yan tsakin, babba ya ɗiga, a jira ɗigon ya shige kafin a saki. Maman Walida, ki nemi ofishin dabbobi na can Kasala ki ji ranar da suke da ita, ki kuma gaya wa matan layinku kafin ki je.