Karantar da Hiyum kan sababi: a ina ɗalibai ke tuntuɓe?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina. Waɗanda suka karantar da ra'ayin Hiyum, masanin falsafar nan na Skotland da ya rasu a 1776, su taimaka mana da wuraren da ɗaliban shekarar farko ke tuntuɓe. Maganar sababi da musabbabi kaɗai nake nufi.

Malamin mantiƙi: Wa alaikumus salam. Kada a fara da babban littafinsa na 1739, nauyinsa ya fi ƙarfin ɗan koyo. A ɗauki ƙaramin na 1748 kan fahimtar ɗan Adam, babi na 4, na 5, sai na 7, kowanne mako guda. Ranar farko a ba su jimloli goma su raba gida biyu. Gida na farko maganar da musanta ta tufka da warwara ne, kamar uku sau biyar rabin talatin ne. Na biyu wadda hankali zai iya sauwara akasinta, kamar rana za ta fito gobe. In aka tsallake wannan rabo, rabin aji zai tashi da zaton Hiyum ya ce wuta ba ta ƙuna. Bai ce haka ba. Tambayarsa ita ce: da wace hujja muka san za ta ƙona gobe?

Wata malama: Malam ya yi gaskiya, amma baki kaɗai ba ya shigar da shi. A zo da ƙwallon sunuka biyu, a buga ɗaya ta bugi ɗaya, a ce kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani kawai. Abu uku za a samu: sun taɓa juna, motsin ta farko ya riga na biyu, kuma duk sanda aka maimaita haka ake gani. Sai a ce wa ya ga "dole", wato abin da ya tilasta wa ta biyu motsi? Nan aji ke yin tsit.

Inda suka fi zamewa shi ne mataki na gaba. Ɗalibi zai ce ai kullum haka take faruwa, don haka za ta ci gaba. A sa shi ya rubuta hujjar layi-layi a allo. Zai tarar yana bukatar layin da ke cewa gobe za ta yi kama da jiya, kuma ba shi da abin kafa wannan layi sai cewa a baya hakan ya yi aiki. Ya kafa abu da kansa ke nan. Misalin kaza da Rasel, masanin falsafar Birtaniya, ya kawo a 1912 yana taimakawa: mai ba ta tsaba kowace safiya shi ne wata rana zai murɗe mata wuya.

Malamin tauhidi: Malama, wannan tsohon zance ne a wurinmu. Wanda ya karanta Ummul Barahina, littafin tauhidi na Shehu Sanusi, a zaure ya riga ya san bambancin hukuncin hankali da hukuncin al'ada, kuma ya san ƙunar wuta ta al'ada ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafut: ido yana ganin ƙuna tare da haɗuwarsu, ba ya ganin wutar ce ta aikata. Da wannan nake ganin ya kamata a buɗe darasi.

Malamin mantiƙi: Allah ya gafarta Malam, a nan na saɓa maka. In aka buɗe da Gazali, ɗalibi sai ya ce ai mun sani, ya daina karanta Hiyum. Kalmar al'ada ce ke yaudararsu. A wurin Gazali al'adar tana cikin yadda Allah ke gudanar da halitta, kuma Shi ne mai aikatawa. A wurin Hiyum sabo ne a zuciyar mutum: ka ga wuta sau da yawa, tunaninka ya saba tsallakawa zuwa zafi, wannan jan da kake ji a ranka shi kake kira dole. A babi na 7 ma Hiyum ya ƙi ra'ayin da ke mayar da kowane aiki kai tsaye ga Ubangiji, irin na Malburansh ɗan Faransa. A kawo Gazali a mako na huɗu don kwatanci, kuma duk wanda ya rubuta cewa Hiyum kwafa ya yi, a nemi ya kawo hujja.

Wata malama: Haka Kant, masanin falsafar Jamus, a jinkirta shi. Ya faɗa a 1783 cewa Hiyum ne ya farkar da shi daga barcin taƙalidi, ya kuma mayar da sababi ɗaya cikin rukunai 12 da hankali ke tsara abin da aka gani da su. In ya shigo da wuri, ɗalibai suna haddace shi a matsayin amsa tun ba su ji zafin tambayar ba. A jarrabawa kuma kada a ce "bayyana ra'ayin Hiyum". A ba su hujja kamar "maganin nan ya warkar da mutum ɗari, zai warkar da na gaba", a ce su fito da layin da aka ɓoye, su faɗi gidan da ya faɗa cikin gida biyun nan na ranar farko.