Ɓoye sunan Wi-Fi: ya isa ya hana satar data?

Alhaji Ɗanjuma: Salamu alaikum jama'a. Masu kukan datar gida tana ƙarewa kafin wata, ga magani kyauta: ku shiga saitin rauta ku ɓoye sunan Wi-Fi ɗin. Abin da ɓarawo bai gani ba, ta ina zai sace shi? Ba sai an wahala da canja kalmar sirri ba.

Injiniya Murja: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe Alhaji, a nan kam ban bi ka ba. Rauta tana shelar kanta a iska kusan sau 10 a kowace daƙiƙa. In ka ɓoye suna, gurbin sunan kawai ake bari babu komai, shelar tana nan. Kuma da zarar wata waya ta gidan ta zo haɗuwa, sunan yana fita a fili, ba a rufe yake ba. Manhajoji irin su Kismet kyauta ake sauke su, suna nuna shi. Ƙari a kan haka, wayarka da ta san ɓoyayyen suna za ta riƙa kiran sa duk inda ka je, a kasuwa ko a tasha, ko za ta ji ya amsa.

Nura Farm Centre: Anti Murja gaskiya kika faɗa, amma yaran layinmu wa ya san Kismet a cikinsu? Ni da nake zaune a shagon gyaran waya, ban taɓa ganin wanda aka ci wa data ta wannan hanyar ba. Satar da ake yi ta lambar QR ce. Tun daga Android 10 akwai wurin da za ka taɓa a saitin Wi-Fi, hoton QR ya fito, abokinka ya haska da wayarsa ya shige. Yaron gida ne yake bayarwa a bakin ƙofa bayan magariba. Kuma ɓoyayyen sunan yana cikin hoton, har da kalmar sirrin.

Alhaji Ɗanjuma: To ai ka ga ba laifin dabarata ba ne, laifin yara ne.

Nura Farm Centre: Alhaji ai dabarar ce ba ta tare yaran ba.

Malam Habu: Ni abin da na yi, na rubuta lambar MAC, wato lambar shaidar da rauta ke gane kowace na'ura da ita, ta kowace wayar gidan a rauta, na ce ita kaɗai za a bari. Ko an ba ka QR ba ka shiga.

Injiniya Murja: Malam, lambar MAC ma tsirara take yawo a iska, mai ilimin abin zai kwafe ta ya saka wa na'urarsa. Sannan iPhone tun daga iOS 14, da Android tun daga 10, suna ƙirƙirar lambar bogi ga kowane Wi-Fi. Shi ya sa masu toshe waya ɗaya-ɗaya suke ganin ta dawo da sabuwar lamba.

Nura Farm Centre: Toshewa ɗaya-ɗaya kam aikin banza ne. Amma jerin waɗanda aka yarda da su, irin na Malam Habu, wallahi yana tare 'yan QR. Wahalarsa ita ce duk baƙon da ya zo sai ka buɗe saiti.

Hajiya Larai: Ku dakata ku fahimtar da mu. Ni lambar wayar maigidan muka sa, lamba 11 cif. Wannan ba ta yi tsawo ba?

Injiniya Murja: Hajiya don Allah a canja ta yau. Duk unguwa an san lambar, wannan ɗaya. Ko wanda bai sani ba, ya san da 0803 ko 0806 da makamantansu ake farawa, saura lamba 7, wato zaɓi miliyan 10 kacal. A tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 mutum yana iya naɗar musayar da waya ke yi da rauta lokacin haɗuwa, ya tafi da ita gida, kwamfutarsa ta yi ta gwaji ba tare da rautar ta sani ba. Kwamfuta mai ƙarfi cikin mintoci za ta gama da miliyan 10. WPA2 yana karɓar haruffa daga 8 har 63, to me ya hana a jera kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna? In rautar tana da WPA3, wanda ya fito a 2018, a zaɓe shi, don shi ya toshe wannan gwaji na bayan fage. A kuma kashe WPS, wato hanyar haɗuwa da rauta ta lamba ko maɓalli ba tare da kalmar sirri ba. Tun 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa lambarsa mai 8 rabi-rabi ake duba ta, gwaji kusan 11,000 ya isa.

Malam Habu: Akwai wadda ba ku ambata ba, kalmar sirrin shiga saitin rautar kanta. Mutane da yawa admin suka bari yadda ta zo a kwali. Yaron da ya samu Wi-Fi ɗinka sau ɗaya zai buga adireshin saitin rautar, 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ya shiga, ya cire kansa daga jerin da ka toshe, in ya ga dama ma ya kore ka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Injiniya Murja: Haka ne Malam. Da irin waɗannan kalmomin na kwali muguwar manhajar Mirai ta kame kyamarori da rautoci a 2016, aka yi amfani da su aka durƙusar da Dyn, kamfanin da ke kai mutane ga adireshin shafukan intanet, har Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka. Birtaniya ma a 2024 doka ta fara aiki da ta hana sayar da na'ura mai kalmar sirri irin admin.

Alhaji Ɗanjuma: Duk na ji, kuma ku 'yan boko ne. Amma ku gaya min, in maƙwabcinka ya ga suna ya fito a wayarsa, ya yi sallama ya ce Alhaji a taimaka da lamba, da wane ido za ka ce a'a? Gobe tare za ku yi sahu a masallaci. In bai ga komai ba, ba zai tambaya ba, ba a ɓata ba.

Nura Farm Centre: Yauwa, yanzu Alhaji ya fito da ainihin maganar 😂

Injiniya Murja: Wannan hujjar na karɓe ta, Alhaji. Maganin roƙo ne, ba maganin sata ba. Ka ɓoye in kana so, amma kada a ce wa mutane ba sai sun canja kalmar sirri ba. Kuma yawancin rautoci suna da Wi-Fi na baƙi, da sunansa daban da kalmarsa daban, ba ya kai mutum ga saiti, wasu ma ana rage masa gudu. Shi za ka ba maƙwabci, shi za ka ba yara.

Alhaji Ɗanjuma: Datar kuma daga aljihun wa za ta fita?

Hajiya Larai: Na sa WPA3 ɗin yanzu, sai kyamarar bakin get ta ɗauke, talabijin ma ya ƙi haɗuwa.

Nura Farm Centre: Tsofaffi ne Hajiya, ba su san shi ba. Koma wurin, za ki ga wanda aka rubuta WPA2/WPA3 a haɗe, shi za ki zaɓa. Kyamarar kuma ki tabbata kin bar mata layin Wi-Fi na 2.4GHz a saitin rautar, yawancin kyamarorin ba sa kama na 5GHz.